Malam edita, ba kwaɗayi ne ya kawo su Ikko ba

Assalamu alaikum malam edita. Wallahi shirinku na daren Talata ya ɓata min rai, har yanzu abin yana cina. Wannan baƙon naku ya zauna yana ta zuba wai kwaɗayi ne ke kwaso 'yan Nijar zuwa Legas, wai sun cika mana gari, shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, haka ne". Haka ne me?

Ni a Agege aka haife ni, albasa nake saidawa a Mile 12, to na san mutanen nan fiye da yadda baƙonku ya san su. Akwai ɗan ga-ruwan da ke kawo mana ruwa gida, ɗan wani ƙauye ne can bayan Tawa, jarka goma yake lodawa a kura ya turo ta cikin taɓo tun asuba, tafin hannunsa duk ya yi kanta kamar fatar kirgi, dare ya yi ya shimfiɗa kwali a barandar masallaci ya kwanta. Na taɓa tambayarsa me ya rabo shi da gida, ya ce Alhaji geron da muka noma ko wata huɗu bai kai mu ba rumbu ya koma wayam, ga tsohuwa ga mata ga yara uku, in zauna in kalle su? Ruwan farko na sauka zai tattara ya koma gona. Cin rani ake ce ma wannan, kakanninmu ma shi ya kawo su kurmi, yau kuma don mun ɗan samu wurin zama sai mu riƙa ce ma wasu baƙin haure.

In kwaɗayi ne ma, me ya rage a nairar? Tun da aka sake ta kasuwa ta riƙa yanka mata farashi a 2023 yaron nan in ya kai kuɗinsa wajen 'yan canji a maida sefa sai ka ga ya dawo jiki a sanyaye, abokansa da yawa sun bar nan, wasu Kwatano, wasu sun bi ta Agadas sun nufi Aljeriya da Libiya.

Kuma me ya sa baƙon naku bai faɗi namu ba? Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakawa jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, aka karɓe su aka ba su wurin kwana, ban ji wanda ya ce musu kwaɗayi ba. Bodar nan fa Turawa suka ja ta, tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar nawa ce? Ƙanwar mahaifiyata a Maraɗi ta yi aure, ta rasu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai da aka buɗe a Maris ɗin 2024 sannan muka je gaisuwa, tsohuwata har yau in ta tuna sai ta yi hawaye. Baƙon naku ya manta kuma da korar baƙi da aka yi a 1983 zamanin Shagari, shin da suka tafi arziki muka yi?

Don Allah gaba in za ku yi irin wannan shiri ku zo Agege ko Idi-Araba ku samu mai shayi ko maigadi ku miƙa masa makirfo ya faɗa da bakinsa.

Sai kuma lambar wayar nan taku, sau bakwai na kira a daren, kullum layi a cike, da ya shiga kuma aka bar ni ina sauraron tallan maganin basir har katina ya ƙare. Ku gyara.

Naku,
Mai sauraro daga Agege, Legas