Sanarwa ga sabbin ƴan ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum. Ƙannenmu na Ringim da ƙauyukan kewaye da suka shigo rukunin nan, barkanku da zuwa. Kuna ta tambayar yadda tumbi zai sauka, jiki ya murɗe.

Kada ku fara da nauyin manya. Jarka mai lita 10 cike da ruwa kilo 10 ce, ta ishi mafari. Rungume ta a ƙirji, ka tsuguna ka miƙe sau 8 zuwa 12, ka huta, ka maimaita har sau uku, kwana uku a mako. Wajen ɗaukarta daga ƙasa gwiwa ake lanƙwasawa, baya ya tsaya a miƙe.

Abinci ya fi damuna. Kada kowa ya zauna da yunwa. A rage malmalar tuwo, a ƙara wake, awara, kindirmo, kifi da ƙwai. Ƙwai ɗaya na da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 6. Fura ba laifi, sukarin da ake antaya mata ne matsalar, haka ma shayi da lemon kwalba.

Don Allah ku guji ƙwayoyin "sha ka fashe". Kumburi suke sawa, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon suga. Mai ƙaba ko hawan jini ya fara ganin likita kafin ya ɗaga nauyi.

Mu haɗu Asabar bayan La'asar a filin firamare.