Ba dala nake kwasa a Adre ba

Adre, gabashin Chadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da jikin nata, da Anti da yara. Ni ƙalau nake, alhamdu lillahi. Waya a nan sai an hau tudu ake samun sabis, shi ya sa na zauna na rubuta, duk sa'ar da ta kama in turo. Ka karanta wa Hajiya, amma ka tsallake inda na yi maganar Auta.

Saƙon Gwaggo ya same ni shekaranjiya. Wai ana ta shiga gida yi wa Hajiya barka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauke ni aiki, dala nake kwasa. Yaya, daga bakin wa wannan maganar ta fito? Tun ina Ingila na gaya maka aikin sa-kai ne na sati 3, na duba haƙoran 'yan gudun hijira tare da wata ƙungiyar agaji, ko sisi ba a biyana. Hutun da na ɗauka a wurin aiki ma ba albashi a cikinsa, kuɗin jirgi zuwa Injamena kuma daga aljihuna ya fita. Abin da ƙungiyar take ba mu shi ne abinci, katifa da gidan sauro. In wani ya sake tambaya, haka za ka gaya masa, ko Kawu ne.

Ga inda maganar ta kai mu: wai Auta ya karɓo sabon babur bashi, ya ce wa mai shagon yayansa likita zai biya ƙarshen wata. Wallahi da na ji, abincin dare kasa ci na yi. Ya mayar wa mutane kayansu tun bai goge musu taya ba. Kai ne babba, ka kai shi da kanka, kada ka aike shi, ka san halinsa. Ƙarshen watan nan abin da zan samu ko rabin na kullum ba zai kai ba.

Naira 300,000 da na turo kafin in taso, ga yadda nake so a yi da ita: 120,000 maganin hawan jinin Hajiya da ganin likita, 80,000 kuɗin makarantar 'ya'yan marigayiya, sauran a ƙara a cefane. Kuɗin bulo kada a taɓa.

Ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba a fagen yaƙi nake ba. Yaƙin yana tsallaken iyaka, a Sudan, tun Afrilun 2023. Daga Injamena ƙaramin jirgi ya kawo mu Abeshe, daga nan muka shiga mota, muka wuce Farshana, inda aka kafa sansanin 'yan gudun hijira tun 2004, lokacin rikicin Darfur na farko. Akwai waɗanda a nan aka haife su, a nan suka yi aure. Junaina kuwa, garin Darfur da yawancin majinyatana suka baro, kilomita wajen 30 ne daga inda nake zaune. Da ƙafa suka zo, mata da yara sun fi yawa. Zafi akwai, amma wanda ya yi azumi a Kano cikin watan Afrilu ba zai yi ƙorafi ba.

Ɗakin aikina rumfar tamfol ce. Kujerar irin ta naɗewa ce, fitilata tocila ce a ɗaure a goshi, kayan aiki kuma a tukunyar tururi muke dafa su a kan gas, irin wadda Anti take dafa ganda. Babu na'urar hoton haƙori. Saboda haka yawancin aikin cirewa ne. Matauni ya ruɓe, kogo ya kai ga jijiya, a Ingila sai in wanke ciki in cike shi in sa masa hula, mutum ya ci nama da shi shekaru. A nan sai allura, in jira wurin ya mutu, in cire, in cusa auduga, na gaba ya zauna. Wani lokaci in na jefa haƙorin a kwano sai in ji kamar wanzami ne ni mai takardar digiri. Masu kumburin muƙamuƙi su suka fi ba ni wahala, domin in mugunya ta taru allura ba ta kamawa sosai, sai an fara tsiyaye ta an ba da magani, a ce su dawo. Wasu ba sa dawowa.

Amma jiya wata yarinya 'yar shekara 14 ta zo tana rufe baki da gefen mayafi, haƙoranta biyu na gaba sun fara cinyewa. Waɗannan kam na rantse ba zan cire ba. Na kankare da hannu, na kwaɓa farin ƙullin cikewa, na gyara su. Da aka miƙa mata madubi ta daɗe tana kallo, uwar tana ta zuba addu'a da Larabcinsu. Karatun da ka sayar da filinka na yi, ka ga inda ya kai.

Akwai kuma wata tsohuwa. Tafinta yana ta fama da ita, ni kuma na yi subutar baki na ce, “Sannu Baba, buɗe.” Sai ta kama hannuna ta ce, “Ɗan nan, Bahaushe ne kai?” Hausarta tsohuwa, a cakuɗe da Larabci. Ta ce kakanninta tafiyar Makka ta ƙasa ce ta biyo da su ta nan, guzuri ya ƙare, suka zauna noma a Darfur, ba su kai ba, ba su koma ba. Ashe wannan ita ce hanyar da Hajiya take ba mu labarin kakanta ya bi. Haƙora huɗu suka rage mata a ƙasa, duk suna girgiɗi. Ta ce in bar mata ko biyu ne, saboda dabino. Na bar mata biyu.

Da dare na kasa barci. Shekara biyu ke nan ina ce wa Hajiya in na zo zan sa mata haƙoran roba, har yau da gefe ɗaya take tauna tuwo, ni kuma ga ni ina duba bakin iyayen wasu. Kada ka karanta mata nan. Ka kai ta asibitin haƙori a auna ta, ka tambayo nawa ne cikakken saiti na sama, ka gaya min. In ya kama, a cikin kuɗin bulo za a cire, wannan kaɗai na yarda. Ban da babur.

Ranar Asabar ta sama za mu koma Abeshe in Allah ya yarda, can sabis ya fi, zan kira. Kafin nan ina so in ji an mayar da babur ɗin. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata na gode da barka, amma ta taimaka ta janye maganar a inda ta kai ta. Hajiya ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.