Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Kifi a Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Zan fara da kuɗin wata, domin shi ya fi cin lokacina a bana. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Akwai wanda na je ƙofar gidansa sau uku, kullum sai ya ce in bari ya kwashe kifi. Ya kwashe, ya sayar, har yau shiru. Don haka masu tambaya ina injin mulmula abinci da aka yi alkawari, su zo su duba littafin ma'aji. Abin da ke asusu bai kai kuɗin injin ba, kuma kwamiti ya ƙi cin bashi da sunan mutanen da ba sa biya. Ko dala ba a taɓa ba.

An yi tarukan wata duka, ban da na azumi.

Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne ranar koyon haɗa abincin kifi da muka yi bayan damina, a tafkunan mataimakin shugaba da ke bakin Binuwai. Har daga Lagdo mutane suka zo, tabarmi suka kasa. Malamin da muka gayyato ya fara da zogale: a shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe. Busasshensa na ɗauke da furotin wajen kashi 25 cikin 100, amma akwai sinadaran tanin da safonin a ciki, masu hana kifi cin moriyar abinci idan sun yi yawa, don haka ya ce kada ya wuce kashi 10 na haɗin. Waken soya kuma sai an soya ko an dafa, ɗanyensa na hana narkewar abinci. Tafarnuwa kaɗan ake sawa don ƙarfin jiki da buɗe ci.

Inda aka fi yin tambayoyi shi ne ƙulin angurya, tunda a garin kamfanin auduga na Sodecoton muke, kowa na iya samunsa da sauƙi. Yana da furotin sosai, sai dai sinadarin gosifol da ke cikinsa na taɓa haihuwa, saboda haka ba a ba iyayen kifin da ake son ƙwansu. Ƙulin gyaɗa mai fumfuna ma a zubar, yana lalata hanta.

Daga nan iyayenmu mata suka karɓi aikin. Suka kwaɓa garin da ruwan zafi da ɗan garin rogo don ya kama jiki, aka zuba a injin niƙa nama na hannu, yana fitowa zara-zara kamar taliya, yara suna kakkaryawa suna bazawa a kan buhu. Da la'asar aka watsa wanda ya sha iska a tafki, tarwaɗa suka taso har ruwan na tafasa. A tuna dai, namu na gida nutsewa yake yi, ba ya iyo irin na buhu, sai a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan don kada ya ruɓe a ƙasa ya ɓata ruwa.

Gwajin 'ya'yan gwanda bai kammala ba, kuma zan faɗi dalili. Kun san yadda karfasa ke haihuwa har ta cika tafki da ƙanana marasa kasuwa. Garin ƙwallon gwanda na rage wannan, shi ya sa muka so mu gwada da kanmu. An raba takardun rubuta awo ga waɗanda suka ɗaga hannu, mutum ɗaya kaɗai ya dawo da tasa a cike. Da takarda ɗaya ba zan tsaya gabanku in ce abu ya yi ko bai yi ba. Wani kuma da bai zo koyon ba ya ji labarin amfani da ganyen bishiyar dogon yaro a gari, ya matsa ruwan ganyen ba awo cikin kwamin ƙananan tarwaɗa, da safe ya kwashe su matattu. Abin ya dame ni ƙwarai, don an yi gargaɗi a kan haka ranar.

Masu suna a rajista da ba a ganinsu sai an ji za a raba wani abu, kwamiti ya yanke shawarar karanta sunayensu a taro mai zuwa. Kowa ya zo da bashin da ake binsa da takardar awonsa, mu ga ko za a sayi injin kafin zafin Maris ya shigo.

Sakataren ƙungiya