Yaran gudun hijira na buƙatar aji da takardar haihuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamar firamare ce a nan Maraɗi. Kan yaran da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina nake son magana. Tun 2019 suke tsallakowa, galibi ta Gidan Rumji da Madarumfa. Hukumar HCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka, Allah ya saka. Amma da yawa suna cikin gidajen mutane, wurin dangi ko wanda ya tausaya, ana raba tiya guda ta hatsi gida biyu.

Bara wata yarinya ta yi sati tana tsayawa a tagar ajina, goye da ƙaninta. Na ce ta shigo. Ran nan ɗan kabu-kabu ya wuce da gudu, sai na gan ta ƙarƙashin tebur, ta toshe wa yaron baki da hannu. A garinsu ƙarar babur ke nufin an zo. Yau ta fi kowa karatu a ajin, amma ba ta da takardar haihuwa, kuma na san ranar da za a nemi takardar tana tafe. Uwarta ta ce mini da zanen jikinta kaɗai ta fito.

Ba na raina buhun shinkafa ko abincin tamowa. Wanda ya ga ana ɗaura wa yaro zaren awo a dantse ya nuna ja, alamar tamowa mai tsanani, ba zai raina ba. Sai dai buhu wata guda yake yi, yaran nan kuwa wasu sun shekara biyar a wurinmu, ga kuma ƙannensu da aka haifa a ƙasar nan.

Roƙona ga hukumomi da ƙungiyoyin agaji: alƙalai su riƙa zagaya ƙauyuka suna yi wa waɗanda aka haifa nan takardu kyauta, waɗanda suka zo da ƙafarsu kuma a sama musu hanyar zama jarabawa. A ƙara azuzuwa na siminti. Mu a Maraɗi ba mu manta gobarar ajin zana ta Nuwamban 2021 ba, wadda ta ci yara sama da 20. In za a raba littafi kuma, a haɗa da ɗan mai masauki, don tuwonsa aka rage aka ciyar da baƙo.

Don Allah ku aika wakilinku ƙauyukan nan ya gani da idonsa.

Wata malama,
Maraɗi