Alewar da aka ba jikana ranar suna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun ranar wani suna da aka yi a gidanmu.

Muna zaune a zaure an gama rabon goro, sai jikana ɗan shekara biyar ya hangi mai gyaran wuta da muka kira daga Sabon Tasha a nan Kaduna, ya ɗaga murya ya ce, "Kaka, wannan arne ne ko?" Zaure ya kaure da dariya. Wani baffansa ya shafa kansa, wai yaron nan akwai wayo, ya zaro alewa ya miƙa masa. Ni ma na murmusa, ba zan ɓoye ba. Bawan Allah nan kuwa ya ci gaba da murɗa wayarsa kamar bai ji ba.

Daren nan barci ya gagare ni. Shekara talatin na yi ina riƙe da alli, na san yadda yaro yake ɗaukar abu. Abin da ya faɗa aka tafa masa, gobe sai ya maimaita. Wanda aka haɗe masa rai a kai, ya bar shi. Ashe karatu muka ba shi a zauren nan, har da ladansa.

Mu manya ma haka muke. Ka zagi mutanen ƙetaren gadar kogin Kaduna, inda Kiristoci suka fi yawa, a Facebook, kafin la'asar ɗaruruwa sun yaba maka. Ka rubuta cewa wani daga can ya taimake ka, shiru kake ji, ko a ce an saye ka. Na tabbata a can ɓangaren ma haka kasuwar take ci.

A 1954 wani masani, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya sa musu gasa da kyautar kofi da ƙananan wuƙaƙe ga wanda ya ci. Yaran da ba su taɓa sanin juna ba, addininsu ɗaya, launinsu ɗaya, cikin 'yan kwanaki suka koma ƙona tutar juna da kai wa juna hari a makwanci. Da aka haɗa su cin abinci don a sasanta, jifan juna suka yi da abincin. Ba su sauko ba sai da ruwan sansanin ya ɗauke suka nemo matsalar tare, motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi suka kama igiya ɗaya suka ja ta.

Wannan igiyar ce muka rasa a Kaduna. Yayana ya yi aiki a masaƙun Kakuri. Adashinsu ɗaya da Bajju da Atyap da Yarabawa, ran da ya kwasa, kuɗin kowa ne a aljihunsa. Wa zai zo ya ce masa waɗannan ba mutanen kirki ba ne? Sai rikicin addini na Fabrairun 2000 ya zo, na 2002 ya biyo baya, kowa ya kwashe ya koma cikin nasa, kogi ya zama iyaka, masaƙu kuma suka mutu. Yau yaron Rigasa zai iya gama sakandare bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da yaron Narayi ba. Duk abin da ya sani a kansa ji ya yi, kuma tunda ba ya zuwa, ba ranar da ido zai ƙaryata kunne.

Ban raina tarukan zaman lafiya ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka taɓa farautar juna, sun yi aikin da ba a mantawa. Amma taron otel na yini guda, a ci shinkafa a karɓi kuɗin mota, bai fi cin abincin yaran can ba. Ina roƙon gwamnati ta duba wuraren koyon sana'a da ƙungiyoyin ƙwallon matasa, a gauraya su ta yadda ba mai samun riba sai ta hannun ɗan ƙetare.

Mai gyaran wutar zai dawo ranar Asabar ya ƙarasa ɗakin baya. Na gaya wa uwar yaron, jikana ne zai riƙe masa tocila.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna.