Godiya ga wani garejin babura da ke Titin Bauchi, Jos

Assalamu alaikum.

Ba na son yin rubutu a kan makanikai, domin in na fara, ƙorafi ne zai fi yawa. Amma abin da aka yi mini a wani ɗan gareji da ke bakin Titin Bauchi, kafin a kai jami'a in an taso daga cikin gari, ya wuce "Allah ya saka" ta fatar baki. Maigidan ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, wai shi aikinsa kawai ya yi. Na yarda, amma labarin kam sai na ba da shi.

Babur ɗina Vespa ce, gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar ƙirar nan ce ta kamfanin Piaggio na Italiya, wadda ake haɗa mata fetur da baƙin mai da hannu. Da ita yake zuwa aiki Bukuru, ni kuma da ita nake zuwa makarantar da nake koyarwa daga Anguwar Rogo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma ba ta tsaya nan ba, sai na fara rage hawanta. Daga ƙarshe na jingine ta a zaure kusan wata biyar, na koma Keke Napep da tafiya a sayyada. Akwai ragowar mai a tankinta, ban ko tuna da shi ba.

Ranar da buƙatarta ta taso, wata safiya ce a tsakiyar hunturu, irin sanyin Jos da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasa. Na kakkaɓe ƙura, na aiki yaro ya sayo mini lita biyu wajen 'yan bumburutu, na zuba a kan na da. Na ja cok, na buga kik. Shiru. Na buga har na yi gumi cikin wannan sanyi. Yaran unguwa suka taru suka tura ni a gangare, ta yi tari sau biyu ta mutu, suka bi ni da dariya.

Daga nan wahala ta fara. Makanike na farko ko durƙusawa bai yi ba, daga tsaye ya ce fulogi ne. Na saya, aka sa, ba ta tashi ba. Na biyu ya ce wancan bai san aiki ba, koyil ne ya ƙone. Na sake zaro kuɗi. Na uku shi ne ya fi ba ni takaici. Ya zagaya ta, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga gawa, ya ce sai an sauke inji an canza fistin da zobe. Na ce bari in nemo kuɗi, na bar ta a wurinsa. Kwana tara tana jingine a rana, kullum na leƙa sai "gobe in sha Allahu, Malam". Ranar da na gaji na je ɗaukarta, madubin hagu ya yi ƙafa, kuma duk garejin babu wanda ya taɓa ganin tana da madubi. Babu ɗaya daga cikin mutum ukun nan da ya buɗe murfin tanki.

Wani abokin aikina ne ya ce in kai ta Titin Bauchi. Na tura ta da hannu, raina a ɓace, na riga na shirya jin wata sabuwar ƙarya.

Wanda ya tare ni yaron gareji ne, bai fi shekara sha biyar ba, rigarsa duk baƙin mai. Shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Ya karɓi babur daga hannuna, ya ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya goge benci da tsumma ya ce, "Baba, zauna ka huta, Oga ya je salla." Sai ya tambaye ni yaushe rabon da ta tashi, da inda na sha mai na ƙarshe. Cikin mako uku shi ne mutum na farko da ya yi mini tambaya. Ya ɗaga kujera, ya kwance murfin tanki, ya kai hancinsa, ya yamutsa fuska. "Baba, man nan ya kwana biyu. Warin fenti yake yi."

Da maigidan ya dawo, muka gaisa, ya saurari yaron har ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya ce a nuna mini da idona. Suka ciro fulogi, suka jingina shi da jikin inji, yaron ya buga kik, na ga wuta shuɗiya tana tartsatsi. Wato fulogi lafiya, koyil lafiya, kuma mai yiwuwa waɗanda aka cire mini ma lafiyarsu ƙalau. Ya miƙo mini fulogin ya ce in taɓa bakinsa. A bushe yake ƙayau, bayan duk kik ɗin da aka sha. "Ka gani, Malam? Da mai yana isowa, da ya jiƙe. Yunwa take ji, ba ciwo ba."

Irin wannan tsohuwar Vespa ba ta da famfon tura mai, gangarowa yake yi da kansa daga tanki zuwa kafireto, inda yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya tsayar da komai. Suka zare tiyo, suka buɗe makunnin mai, maimakon ya zubo sai ɗiga yake yi. Yaron ya tara a farar kwalba ya ajiye a ƙasa. Bayan ɗan lokaci ya ɗago ta saitin rana: mai a sama, ruwa kwance a ƙasa kamar kaurin yatsa, ga garin tsatsa ja a gindi. Maigidan ya ce ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake sauka daidai inda makunnin yake ja. Wani daga jarkar ɗan bumburutu ya zo, wani kuma raɓa ce da tankin ya tara a dararen sanyi da yake ba a cike yake ba. Shi kuwa tsohon man, mai ƙarfinsa ya tsere, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro.

Wannan danƙon ne ya toshe jet ɗin kafireto, wato ɗan bututun da mai ke bi, wanda hudarsa ba ta wuce kafar allura ba. Na ga yaron ya jiƙa shi a sabon fetur, ya busa masa iska, ya ɗaga sama ya leƙa har sai da ya ga haske. Na tambaye shi me ya hana ya zura waya, kamar yadda na saba gani. Ya ce Oga ya hana, waya tana faɗaɗa hudar, babur ya koma shan mai. Har 'yar hudar iska da ke jikin murfin tanki sai da ya duba. Ya ce in ta toshe, kamar gwangwanin madara ne da aka huda waje ɗaya, sai ya ƙi zuba.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Aka wanke tanki, aka wanke 'yar ragar tace mai, aka canza tiyon da ya bushe. Kafin la'asar, kik na biyu ta kama, hayaƙinta ya tashi, ƙararta irin wadda na saba ji tun ina yaro in Baba ya shigo layi. Kuɗin da aka caje ni gaba ɗaya bai kai abin da na biya na koyil ba. Na miƙa wa yaron ɗan na shayi, ya ƙi karɓa sai da ya kalli maigidansa ya ga ya gyaɗa kai. Suka sallame ni da gargaɗi: in rufe makunnin mai duk lokacin da na ajiye ta, in kuma ajiyar za ta yi tsawo in bar inji ya shanye na cikin kafireto tukuna, sannan baƙin mai mililita 20 a kowace lita, ba da ƙiyasin ido ba.

Abin da ke damuna shi ne, wannan binciken bai ci su rabin awa ba, kuma ba wata na'ura suka sa ba, hanci ne da kwalba. To me ya hana sauran? Gyara a garin nan ya koma canki-canka, a yi ta canza kaya da kuɗin mai abu har a dace, in ba a dace ba a ce inji ne. Man ma da muke sha haka. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata wa mutane motoci. Wannan babba ne shi ya sa aka ji. Wanda ake sayar mana a jarkar da ta kwana a buɗe, da litar wasu gidajen mai da ba ta cika kwalba, wa talaka zai kai wa ƙara?

Oga, Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci hannun yaronka, ya nuna mana ranar da zai buɗe nasa garejin. Yau da asuba ma kik biyu ta tashi. Madubin hagu dai har yanzu ban saya ba.

Naku,
wani malamin makaranta daga Anguwar Rogo, Jos