Rahoton Kwamitin Kula da Darasin Addini Kan Gyaran Tsohon Ginin Bayan Ofis

Iyayen yara, malamai, da duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, muna gaishe ku.

Gyaran tsohon ginin da ke bayan ofishin shugaban makaranta ya kammala, kuma tun makon farko na wannan zango yara ke ɗaukar darasi a cikinsa. Ga bayanin abin da aka yi, da abin da ya lalace a hannunmu har muka sake, da abin da ya rage.

Ba don gini aka kafa wannan kwamiti ba. Aikin da aka ɗora mana shi ne sa ido kan darasin addini: ana koyar da shi a lokacin da jadawali ya ware masa? Malami yana shiga aji? Akwai littattafai? Abin da ake koyarwa ya bi manhaja? Sa idon nan ne ya kai mu ga siminti da kwano. Da muka ɗauko littafin da malamai ke rubuta darasin da suka koyar, sai muka ga giɓi mai yawa a shafukan darasin addini, kuma giɓin bai warwatsu a cikin shekara ba, ya taru ne a watannin ruwa. Muka zauna da malaman, suka yi mana bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Idan lokacin darasin ya yi, ana raba aji gida biyu, Musulmi da Kirista. Rukuni ɗaya ya zauna a ajinsa, ɗayan ya tafi tsohon ginin. To, tsohon ginin yoyo yake yi. Da zarar hadari ya haɗu, rukunin da zai fita ba shi da wurin zuwa, sai malaman su ga gara a bar darasin ɗungurungum da a koyar da wasu alhali wasu na tsaye a baranda ruwa na fesa musu. Ba mu ga laifinsu ba. A ganinmu adalci suka yi gwargwadon abin da ke hannunsu. Amma sakamakon shi ne darasi guda yana ɓacewa daga karatun yara makonni da yawa a kowace shekara, ba kuma wanda ya yanke shawarar hakan. Rufi ne ya yanke.

Ɗaya daga cikin iyayen yara injiniyan gini ne, shi ya duba mana ginin kyauta. Kwanon ya yi tsatsa a bakin ƙusoshi, ta nan ruwa ke shiga. Gara ta cinye katakon rufin daga ciki, ka ga katako a tsaye lafiya, ka soka masa ƙusa da hannu ta shige. Silin ya kumbura ya fara zubowa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsagewar da ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a bangon gabas. Da yawa daga cikinmu muka ce a rushe a sake sabo. Injiniyan ya ce a dakata. Ya manna ɗan siminti a kan tsagewar a wurare kaɗan, ya rubuta rana a gefe, ya ce a bar shi makonni: idan bangon yana ci gaba da motsi, mannin zai tsage. Bai tsage ba. Ya kuma sa aka haƙa gefen harsashin, aka same shi da ƙwari. Ashe matsalar ita ce shekara da shekaru ruwan rufin yana sauka a gindin bangon kai tsaye, ƙasar wurin ta jiƙe ta ɗan zauna, daga baya ta tsaya. Wannan haƙurin na 'yan makonni shi ya cece mu daga rushe ginin da bai cancanci rushewa ba.

Kafin a taɓa bulo ɗaya, sai da muka yi zama uku kan yadda cikin ginin zai kasance, kuma a nan ne aikin ya fi nauyi.

Wasu sun kawo shawarar a mayar da wurin ɗakin ibada. Niyyarsu mai kyau ce, amma kwamiti bai amince ba. Abin da yara suka rasa aji ne, wurin da malami zai tsaya gaban allo, yaro ya buɗe littafi, ya yi tambaya, ya rubuta jarrabawa. Darasin addini a makaranta darasi ne mai manhaja da maki, idan aka ba shi wurin da bai yi kama da aji ba, sannu a hankali za a daina ɗaukarsa a matsayin darasi. Wasu kuma suka ce a bar shi zaure ɗaya babba, a riƙa amfani da shi bi da bi. Wannan ma mun ƙi, domin bi da bi yana nufin kullum akwai rukunin da ke jira. Aka tsaya a kan ɗakuna biyu masu girma ɗaya, tagogi iri ɗaya, benci iri ɗaya, allo iri ɗaya. Ba mu rubuta sunan wani addini a kan ƙofar kowanne ba. Lamba kawai aka sa, shugaban makaranta ne zai riƙa rabawa a jadawali.

Wata uwa a cikin kwamitin ta yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru: yaran da ba sa cikin rukuni biyun nan fa, ko waɗanda iyayensu suka nemi kada su shiga darasin, ina za su zauna? Ba su da yawa, amma suna nan, kuma a baya yawo suke yi a fili har a buga ƙararrawa. Sakatarenmu ya karanto mana abin da dokokin duniya suka ce, don kada mu ɗauki lamarin a matsayin alfarma. Sanarwar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, a sashe na 26, ta ba iyaye fifiko wajen zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Yarjejeniyar Haƙƙin Jama'a da Siyasa ta 1966, a sashe na 18, ta ambaci 'yancin iyaye na tabbatar da tarbiyyar addini da ɗabi'a ga 'ya'yansu daidai da abin da suka yi imani da shi. A 1993 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan yarjejeniya ya fayyace cewa makarantar gwamnati da ke koyar da wani addini takamaimai dole ta tanadi hanyar keɓe yaro ko ba shi madadi ba tare da nuna bambanci ba. Haƙƙin da ya sa muke fafutukar kada darasin addini ya ɓace, shi ne dai haƙƙin waɗannan yaran. Don haka ƙaramin ɗakin da ke tsakiya, wanda da farko muka yi niyyar ya zama sito kawai, aka faɗaɗa shi, aka sa masa taga da tebur. Yanzu shi ne ma'ajiyar littattafai, kuma nan waɗannan yara ke zama su yi karatu ƙarƙashin kulawar malami.

Zaman nan ya kuma gyara mana yadda muke yanke shawara. Da farko hannu muke ɗagawa, masu rinjaye su tafi da magana, kuma mun lura waɗanda ba su da yawa sun fara yin shiru. Sai muka ari dabara daga Ingila, inda tun 1988 doka ta wajabta wa kowace hukumar ilimi ta yanki ta kafa majalisar ba da shawara kan darasin addini. Majalisar tana da rukuni 4, na Cocin Ingila, na sauran ɗariƙun Kirista da sauran addinai, na ƙungiyoyin malamai, da na hukumar kanta, kuma kowane rukuni ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan mutanensa. Ba mu kwafi tsarin nasu ba, yanayinmu daban ne. Abin da muka ɗauka shi ne ƙuri'a ta rukuni: wakilan Musulmi, wakilan Kirista, malamai, da hukumar makaranta. Daga ranar maganar kowa ta yi nauyi.

Aikin hannu kuwa daga sama aka fara. An sauke tsohon kwano da katako duka, an sa sabon katako da aka shafa wa maganin gara, an buga sabon kwano, an yi feshin magani a gindin bango. Sai aka sa maƙwararar ruwa a bakin rufin, aka zuba kankare siriri kewaye da ginin mai gangare zuwa waje, aka haƙa magudana, don kada ruwa ya sake kwanciya a gindin bango. An buɗe tsagewar, an ɗinke ta da gajerun rodi, an cike, sannan aka yi filasta. An buɗe tagogi a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta riƙa ratsawa.

Bangon da ya raba ɗakunan ya ci mana bulo fiye da yadda muka tsara. Magini ya so ya tsayar da shi daidai silin, kamar yadda aka saba. Malaman suka ce a'a. Darasin addini ba darasin shiru ba ne, akwai karatu da murya, akwai bita tare, akwai waƙa. Idan bango ya tsaya a silin, sauti ta saman silin yake tsallakawa. Aka ɗaga bangon har ya taɓa rufi, aka toshe ƙananan kafofi. Ranar da aka gama muka gwada da yara: aji ɗaya ya ɗaga murya, mu muna ɗaya ɗakin muna magana muna jin juna sarai.

Wurin da muka yi kuskure shi ne daɓen ɗaki na biyu, kuma laifin namu ne, ba na magini ba. An zuba kankaren daɓen da haɗin da ya dace, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Kankare ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, shi ya sa ake so a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Magini ya faɗa mana haka kafin ya tafi. Zubin ya faɗo a farkon hutu, kowa ya ɗauka wani ne zai zo ya zuba ruwa, ba mu rubuta sunan kowa ba. Da muka dawo saman daɓen ya yi tsage-tsage, in ka goga ƙafa sai ƙura ta tashi. An ce mana a shafe da fenti, ba wanda zai gane. Ba mu yarda ba, don yara ne za su shaƙi ƙurar. Aka fasa aka sake, wannan karon da takardar suna da rana manne a ƙofa. Kuɗin da wannan ya ci yana cikin lissafi a layinsa daban, ba mu cusa shi cikin wani abu ba.

A ƙofar shiga an yi gangare maimakon matakala kaɗai, saboda akwai ɗaliba mai keken guragu. An bi ma'aunin da aka saba, tsawon mita 12 ga kowane hawan mita 1, an kuma faɗaɗa ƙofofin.

Kuɗin aikin ya fito daga iyayen yara, tsofaffin ɗalibai, da masallatai da majami'un da ke kewaye da makarantar. Hukumar ilimi ta yanki ta ba da izinin aikin a rubuce, ta kuma aiko jami'inta ya duba kafin a buɗe. Wasu sun ba da ƙarfinsu, sun ɗebi yashi, sun yi fenti a ƙarshen mako. Allah ya saka wa kowa da alheri. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu daga rukuni daban-daban. Cikakken lissafin shiga da fita yana manne a allon sanarwa, rasit ɗin kuma suna hannun ma'aji ga duk mai son gani. Akwai gudummawa ɗaya babba da muka mayar wa mai ita cikin girmamawa, domin ta zo da sharaɗin a sa littattafan da ya zaɓa a ma'ajiya ba tare da an duba su ba. Ƙa'idarmu ita ce duk littafin da zai hau kanta sai malaman darasin da wakilan addinin da abin ya shafa sun karanta shi sun ga ya dace da manhaja da shekarun yara, kuma bai ci mutuncin addinin kowa ba. Mun san rashin kuɗin nan ya jinkirta mu, kuma har yanzu muna ganin daidai muka yi.

Ba a ja wutar lantarki ba tukuna, an dai bar bututun waya a cikin bango don kada a sake fasawa. Ɗaki na biyu yana da ƙarancin benci. Abin da ya fi waɗannan girma shi ne malami. A ƙananan ajujuwa, wanda ke riƙe da ɗaya daga cikin darussan bai sami horon koyar da shi ba, taimakawa kawai yake yi saboda babu wani. Mun rubuta wa hukumar ilimi muna neman ko dai a turo malami ko a tura shi horo, za mu kuma bi takardar da ƙafa. Mun roƙi shugaban makaranta ya ɗauke darasin daga sa'ar ƙarshe ta yini, lokacin da yara suka gaji kuma duk wani taro ko shara ke cinye shi. Ya amince, sabon jadawalin ya fara aiki.

Daga yanzu mutum biyu daga kwamiti, ba daga rukuni ɗaya ba, za su riƙa shiga darasin sau biyu a kowane zango, da sanin malami tun kafin ranar, su zauna a baya su saurara, daga baya su tambaye shi abin da yake buƙata. Za a share maƙwararar ruwa da magudana kafin ruwan farko, a kuma hau silin a duba gara sau ɗaya a shekara, an rubuta sunayen waɗanda za su yi. Makullan suna ofishin shugaban makaranta, na ajiya kuma yana hannun sakataren kwamiti. Duk uba ko uwar da ke son ganin ɗakunan ta zo bayan an tashi, mai gadi zai buɗe. Zamanmu na gaba Asabar ta farko bayan hutun rabin zango ne, a ɗaki na ɗaya, kuma maganar malamin ƙananan ajujuwa ce za mu fara da ita.

Kwamitin Kula da Darasin Addini